Kurakuran da aka fi yi wajen kama shago a katafaren rukunin shaguna

Na daɗe ina sayar da takalma da jakunkuna a cikin wani katafaren rukunin shaguna da ke tsakiyar birni, kuma a tsawon zamana na ga shaguna da dama an buɗe su da balan-balan da kiɗa, amma kafin shekara ta zagayo an liƙe gilashinsu da farar takarda an kashe fitila. Abin da yake ci mini rai shi ne masu waɗannan shaguna ba ragwaye ba ne, hajarsu kuma ba ta banza ba ce. Ramukan da na faɗa a farkon zuwana su ne suke faɗawa ɗaya bayan ɗaya, kuma mafi yawansu ba sa neman shawara sai bayan sun riga sun sa hannu a takarda.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne a ga cincirindon jama'a a ɗauka masu saye ne. Mutum zai zo ranar ƙarshen mako da yamma, ya tarar ba masaka tsinke, sai ya fara lissafi a zuci cewa ko mutum ɗaya cikin ɗari ne ya shigo shagonsa ya tsira. Wanda ya yi wannan lissafi bai san yadda aka tsara ginin ba. Tun daga katafaren rukunin shaguna mai suna Southdale Center, wanda Victor Gruen, masanin zanen gine-gine haifaffen ƙasar Ostiriya, ya zana, aka kuma buɗe a 1956 a garin Edina na jihar Minnesota ta Amurka, dabarar ba ta sauya sosai ba: a ajiye manyan kantuna a nesa da juna, domin wanda ya fito daga wannan zai nufi wancan ya bi ta gaban ƙananan shagunan da ke tsakani. Saboda wannan dalili ne ake yawan kai silima da wuraren cin abinci can sama ko can ƙurya, ake kuma raba matakala mai hawa da mai sauka yadda sai mutum ya yi zagaye. Ke nan jama'ar ciki suna gudana ne ta hanyoyin da aka shata musu, kuma shagon da yake taku ashirin daga wannan hanya bai da bambanci da wanda yake bayan gari.

Shagona na farko yana dab da babbar ƙofar da ke fuskantar titi, kuma na biya haya mai tsada a kansa ina murna, don a ganina duk mai shiga da mai fita sai ya gan ni. Kallon kitse na yi wa rogo. Mai shigowa yana tafe ne da saurin da ya kwaso daga titi, yana gyara jaka, yana duba waya, idonsa bai gama sabawa da hasken ciki ba, kuma ba ya rage tafiya ya fara kallon gefe sai ya wuce shaguna uku ko huɗu. Mai fita kuwa hannunsa cike da kaya, aljihunsa ya yi sauƙi, yara suna jan rigarsa. Ƙari a kan haka, a tsakiyar birni mutane da yawa suna ratsa ginin ne kawai domin yanke hanya zuwa tasha ko don su sha sanyi. Wata goma sha huɗu na yi ina kallon dubban ƙafafu suna wucewa, taron tsintsiya ba shara, har takalman da ke jikin gilashi suka koɗe.

Tun daga lokacin ban ƙara kama shago ba sai na yi mako biyu ina ƙidaya da kaina. Nakan sami benci kusa da shagon da nake so, da ɗan littafi da biro, in zauna ranar Talata da hantsi, da tsakiyar mako da azahar, da ƙarshen mako da dare, minti goma sha biyar a kowace awa. Mutanen da nake ƙirgawa su ne waɗanda suka bi ta gefen da ƙofar take, daga cikinsu kuma ina ware masu riƙe da ledar wani kanti, domin su ne shaidar cewa a wannan layi ana fitar da kuɗi. Alƙaluman da ofishin gudanarwa zai nuna maka na masu shiga ginin ne gaba ɗaya, har da ma'aikata da masu yanke hanya, saboda haka ka karɓa ka gode, amma kada ka gina jarinka a kansu. Wasu abokan sana'ata suna ganin wannan zama ɓata lokaci ne, ni kuwa na ga ya fi sauƙi a kan wata goma sha huɗu.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya kusa karya mini jari, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci: ɗaukar kuɗin haya a matsayin shi ne duk abin da za a biya. A irin wannan gini haya kashi ɗaya ce kawai. Akwai kuɗin hidima, wanda ake raba wa 'yan haya gwargwadon murabba'in mitar kowa, domin biyan masu gadi, da masu shara, da wutar farfajiya, da na'urorin sanyaya wuri, da gyaran lif da matakala. Sau da yawa akwai kuɗin talla na bai ɗaya, akwai inshora, kuma a wasu yarjejeniyoyin mai gini yana da wani kaso na cinikinka da zarar ya haura wani adadi, wanda hakan yake ba shi damar duba littafinka. Manyan kantunan da suke janyo jama'a sukan biya ƙasa da naka a kan kowane murabba'in mita, domin mai gini ya fi bukatarsu, kuma ƙananan 'yan haya ne suke cike giɓin.

Ni na karanta shafin farko na yarjejeniyar, inda aka rubuta haya da tsawon shekaru, na ƙyale sauran shafukan saboda rowar kuɗin lauya. A shekara ta biyu aka yi babban gyara a na'urar sanyaya ginin, sai ga takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa, kasona a ciki ya kusa hayar wata uku. Na tafi ofis ina kumfar baki, jami'in ya buɗe yarjejeniyar a natse, ya ɗora yatsa a kan sakin layin da ya ce kuɗin hidima ba shi da iyaka, ga kuma sa hannuna a ƙasan shafin. Ban gama farfaɗowa ba babban kantin da ke ɓangarenmu ya tattara ya tashi, layin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, amma hayata ko ƙwandala ba ta ragu ba. Don Allah, wane irin ɗan kasuwa ne zai kwana yana taya kaya a rage masa abin da bai taka kara ya karya ba, sannan ya sa hannu a kan alkawarin shekara biyar cikin minti goma? Ni ne na yi haka, kuma ina ganin masu yi har gobe, wasu ma har su haɗa da lamunin kansu, wato idan shagon ya durƙushe a bi su bashin har gida.

Yanzu kafin in yi maganar haya, sai na nemi a nuna mini abin da aka caji shagon na kuɗin hidima a shekaru uku da suka wuce, kuma nakan shiga shagunan maƙwabta in tambaye su da bakina. Ina neman a rubuta iyakar ƙarin da za a iya yi a shekara, a rubuta cewa za a rage mini haya ko a sallame ni idan babban kantin ya tashi ba a maye gurbinsa ba cikin 'yan watanni, a ba ni ƙofar fita a tsakiyar wa'adi, a kuma ɗauke mini hayar watannin da kafinta da mai wuta suke aiki kafin in buɗe. Ba duka ake ba ni ba, amma wanda bai tambaya ba ko ɗaya ba ya samu. Daga nan sai in haɗa haya da hidima da talla da inshora, in auna su da cinikin da nake tsammani a watan da kasuwa ta fi mutuwa. Idan suka haura kashi 15 cikin 100 nakan haƙura, ko da shagon ya kwanta mini a rai. Wannan ma'auni nawa ne, na mai sayar da takalma. Mai hajar da ribarta ta fi kauri zai iya jure fiye da haka.

Sauran kurakuran ba su kai waɗannan ciwo ba. Wasu suna zuba rabin jarinsu a ado da fitilu, su buɗe shago mai kyau da kanta rabi babu kaya. Wasu sun manta cewa ginin ne yake yanke lokacin buɗewa da rufewa, kwana bakwai a mako, har da tara ga wanda ya makara, don haka ma'aikaci ɗaya ba zai riƙe shago ba. Cika gilashin gaba da kaya har a kasa ganin ciki yana korar mai saye, domin mutane ba sa son shiga inda ba su hango ba. Kawo irin hajar da babban kanti yake sayarwa, da niyyar karya masa farashi, wasa da wuta ne. Riƙe kwantai ana jiran uwar kuɗi ta dawo shi ma asara ce, tunda kowane tsagi na kanta haya ake biya masa.

Akwai kuma batun ranar tashi, wanda ba mai tunawa da shi a ranar shiga. Yawancin yarjejeniyoyi suna wajabta wa ɗan haya ya mayar da shago yadda ya same shi, saboda haka silin ɗin da na kashe kuɗi na ƙawata a shagona na farko, da katakon ƙasa, da allon suna mai fitila, sai da na sake biyan ma'aikata suka ɓalle su, cikin dare kuma, domin ba a yarda da ƙarar guduma ba a lokacin da masu saye suke ciki. Ban ɗauki hoton shagon ba ranar da aka miƙa mini makulli, don haka da aka nuna mini wata tsaga a bango aka ce ni na yi ta, ba ni da abin musu, aka cire kuɗin gyaranta daga kuɗin ajiyata.