Kurakuran da ɗalibai suka fi yi kan marufin fuskar mamatan tsohuwar Masar

Duk zangon da muka iso darasin tsohuwar Masar, kurakurai iri ɗaya nake tararwa a takardun ɗalibai, kuma su ne ke yawo a WhatsApp ƙarƙashin hoton marufin fuskar zinariya na sarki Tutankamun. Na gaji da jan layi da jan biro, shi ya sa na tara su wuri guda.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne a ce marufin hoton mamacin ne, ko kuma wai an narka zinariya an zuba a fuskar gawa. Wannan magana ta taɓa kayar da mu a gasar makarantu bayan mun kwana muna shiri: yaro ya haddato ta daga intanet, alƙali ya yi masa tambaya ɗaya, ya yi tsuru-tsuru. Ba zubawa aka yi ba. Maƙera ne suka buga fallayen zinariya suka haɗa, nauyinsa ya ɗan haura kilo 10, aka jera masa duwatsu masu daraja da gilashi mai launi. Kuma maƙerin bai damu da ya fito da kamannin mutum sak ba. A imaninsu naman allolinsu zinariya ne, gashinsu kuma shuɗin dutse, saboda haka marufin yana mai da mamaci irin waɗannan halittu ne. Gemun nan kitsattse mai lanƙwasa a ƙarshe na allansu Osiris ne, sarkin matattu. Ungulu da gamsheƙa da ke goshi masu tsaron kudanci da arewacin ƙasar ne. A bayansa an zana addu'a daga babi na 151 na Littafin Matattu, kundin addu'o'in da suke binne mamaci da shi, wadda ke danganta kowace gaɓa ta fuska da wani abin bauta don kada mamaci ya rasa kansa a hanya. Ni dai ba na barin ɗalibi ya rubuta layi ɗaya sai ya nemo hoton bayan marufin ya kalla. Wanda bai ga bayan ba bai ga komai ba.

Wasu kuma suna zaton kowa da zinariya aka rufe shi. Ina! Mafi yawa da ƙyallen lilin ko takardar papirus aka manna su, aka shafe da farar ƙasa aka yi fenti, mai hali ya sa a yi masa ruwan zinariya a fuska. Talaka kuwa sau da yawa tabarma ce da ramin yashi.

Ba a cikin dala aka sami Tutankamun ba. A Kwarin Sarakuna ne kusa da Luksor, inda Howard Carter, Baturen Ingila mai tonon kayan tarihi, ya gano kabarin a 1922, marufin kuma sai 1925 aka buɗe shi. Dalar Giza ta girme shi da fiye da shekara 1,000.

Sai wani kuskuren da nake faɗa a kansa har murya ta dushe, wato na Lahirar Misirawa. Haba jama'a! Da an ji ma'auni da hisabi sai a kwaso Lahirar da muka sani a jibga wa mutanen nan, har da Aljanna da Wuta. Ku karanta abin da suka rubuta da hannunsu mana. Zuciyar mamaci ake ɗorawa a sikeli, a ɗaya gefen gashin jimina na Ma'at, wato gaskiya da daidaito. Allansu Anubis mai kan dila yana duba awo, Tot allan rubutu yana rubutawa, mamaci yana rantsuwa gaban alƙalai 42 cewa bai yi sata ba, bai kashe rai ba, bai tauye mudu ba. In zuciya ta rinjaya, Ammit mai kan kada da ƙirjin zaki da ƙugun dorina ta haɗiye ta, mutum ya shuɗe gaba ɗaya. Wannan mutuwa ta biyu ita ce babban abin tsoronsu. Wanda ya tsallake kuwa gonaki zai tarar irin na bakin Nilu, har da noma, shi ya sa ake binne shi da 'yan gumakan shabti su yi masa ƙwadago. Kuma duk wannan ya dogara ga jiki: ba, kurwar da suke zanawa tsuntsu mai kan mutum, tana fita da rana ta dawo wa gawarta da dare, dole ta tarar da kai da fuskar da za ta sauka a kansu. Abin da nake sa ɗalibai su yi shi ne su bayyana imanin Misirawa da sunayensu har ƙarshe, kwatance sai a sakin layi na daban.

Kada ka rubuta cewa an cire zuciya. Ita ake bari a jiki. Hanta da huhu da tumbi da hanji ne ke shiga tuluna huɗu, ƙwaƙwalwa kuma a zaro ta ta hanci. Da kanwa suke busar da gawa, aikin duka kwana 70.

Maganar la'anar kabari, wai duk wanda ya buɗe kabarin Tutankamun mutuwa zai yi, ita ma a bar ta. Carter ya rayu har 1939, Carnarvon da ya biya kuɗin tonon kuwa cizon sauro ne ya ruɓe masa ya kashe shi a 1923. Masu liƙa wa wannan fuskar sunan Fir'aunan Annabi Musa (AS) su ma su dakata, domin Fir'auna laƙabin sarauta ne da sarakuna barkatai suka riƙe, kuma babu wata shaida da ta haɗa labarin da wannan saurayi da ya rasu yana ɗan shekara 18 ko 19.