Kurakuran sabon shiga a aikin katako da tara tsofaffin kayan kafinta

Yawancin waɗanda sha'awar aikin katako da hannu ta kama, kafin su yanka katako ko guda sun riga sun cika akwati da ƙarafa. Idan mutum ya saba leƙa wurin 'yan gwangwan, ko Panteka ta Kaduna, ko Kasuwar Katako ta Yamai, wani lokaci yakan ci karo da tsohon zarto ko filen, wato abin da ake kankare fuskar katako da shi ta yi sumul, a cikin tarkace, kuɗin kuma ba ya tayar da hankali, sai ya yi ta kwasa. Alhali zarto ɗaya, filen ɗaya, cizal (ƙarfen sassaƙa) biyu ko uku, sukwaya (ma'aunin kusurwa) da dutsen wasawa sun isa a haɗa benci ko ƙaramin teburi. Sauran kayan, aikin ne zai gaya maka ranar da kake bukatarsu.

Wajen saye, suna yana ruɗin mutane. Gaskiya ne filen na Stanley, da na Record da aka fara ƙerawa a Sheffield ta Ingila a 1931, kaya ne masu ƙarko, haka ma zarton Disston na Amurka. Amma tambari ba ya ɗinke tsagewa. Juya filen ɗin ka duba gefen bakin da wuƙar ke leƙowa: idan jikin ya tsage, ajiye shi, domin irin wannan ƙarfen ba ya son walda. Tsatsar sama ba komai ba ce, wadda ta ci rami a bayan wuƙa ita ce matsala. Filen lamba 5, mai tsawon inci 14, ya fi dacewa da mai farawa. Zarto kuma ka hango tsawonsa da ido ɗaya ko ya karkace. Na zamani da bakin haƙoransa ya yi baƙi, magagari ba ya cinsa, in ya dakushe ya gama aiki.

Babban kuskuren dai, wanda ke sa mutane su jingine sha'awar gaba ɗaya, shi ne aiki da dakusasshen ƙarfe. Mutum ya yi ta turawa yana gumi, katako yana yagewa, daga ƙarshe ya ce ba shi da baiwa. Baiwa ba ta shigo ciki ba tukuna. Wajen wasa wuƙar filen ko cizal, fara da bayanta: kwantar da bayan a kan dutse, ka goga har wajen baki ya yi sumul yana sheƙi. Sannan ka juyo gaban, ka riƙe shi a kusurwar digiri 25 zuwa 30, ka ci gaba har yatsanka ya ji ƙarfen ya ɗan lanƙwaso ta baya tun daga wannan gefe zuwa wancan. In ba ka ji wannan ba, ba ka kai baki ba, ko ka yi awa guda. Goge lanƙwasar, ka gwada a gashin hannunka. Kuma ka yi hattara da kai cizal wurin masu injin wasa wuƙa. Da zarar bakin ya yi zafi ya koma shuɗi, taurinsa ya tafi, sai an cinye wurin duka kafin ya sake riƙe kaifi.

Masu tara kaya suna da nasu ciwon, wato son mayar da tsoho sabo. A kankare shi da injin, a shafa masa fenti mai ƙyalli, a goge tambarin maƙerin, darajarsa ta zube. Ni dai samfefa mai laushi da ɗan man keken ɗinki sun ishe ni. Ƙotar da hannun wani kafinta ya cinye shekara da shekaru, ban ga dalilin canza ta ba in ba ta karye ba. Da damina a riƙa shafa wa ƙarafan mai, kada a bar su a ƙasa.

Sai katakon kansa. Wanda ka sayo a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, sau da yawa da sauran danshi a jikinsa. In ka haɗa teburi da shi a watan Agusta, hunturu na zuwa zai tsuke, mahaɗa su buɗe baki. Jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakanin allo da allo, ka ba shi makonni ya sha iska. Kada ka fara koyo da maɗaci ko iroko, obeche ya fi sauƙin sarrafawa. In kuma filen mai kaifi ya ci gaba da yagar katako, to kana shafa akuya ne daga wutsiya zuwa kai, wato kana turawa saɓanin yadda zaren katakon ya kwanta. Juya allon ka turo daga ɗaya ɓangaren.