Kurakuran da aka fi yi a wasan WarioWare da gyaransu

A shagunan gem na Birnin Kebbi ƙwallo ce ke ci, shi ya sa wanda ya saba da wasan minti goma yakan daburce idan aka miƙa masa WarioWare. Nintendo ce ta fitar da shi a 2003 a kan Game Boy Advance, ƙaramar na'urar gem ta hannu. Ƙananan wasanni ne sama da 200, akasarinsu ba sa wuce daƙiƙa huɗu zuwa biyar. Labarin kansa zolaya ce: Wario, sarkin son banza, ya ga a talabijin ana samun kuɗi da gem, sai ya buɗe kamfani, ya sa abokansa suka yi aikin, daga baya ya nemi arcewa da kuɗin. Wato masu yin gem ne ke yi wa sana'arsu ba'a.

Babban abin da ke kayar da sabon shiga shi ne tsayawa karanta umarni. Kalma ɗaya ce ko 'yar gajeruwar jimla ta Turanci ke fitowa, kafin ka gama tunanin ma'anarta lokaci ya ƙare. Hoton za ka kalla. Abin da ke motsi, ko dai kauce masa ake so ka yi ko ka cafke shi. Maɓallan ma ba su da yawa, A ne kawai da na juyawa, don haka zaɓinka kaɗan ne.

Sai masu danna A ba ƙaƙƙautawa. Akwai inda hakan ke aiki, amma a wurare da dama dannawa ɗaya ake so, a daidai lokacinta. Ɗauki wasan hancin nan: ga ƙaton hanci a sama, ga yatsa yana kai-kawo a ƙasa, aikinka ka tura shi cikin ƙofar hancin. Mai gaggawa zai danna tun yatsan bai daidaita ba, ya doki gefe, rai ɗaya ya tafi. Bar shi ya je ya dawo sau ɗaya, ka gane tafiyarsa, sannan ka danna. Daƙiƙa huɗu sun isa. Ni dai ina ganin wannan wasan na ƙazanta ya fi sauran koyar da haƙuri.

Akwai bom a ƙasan allo da igiyarsa ke ci, shi ke nuna lokacin da ya rage. Kada idonka ya sauka can. Kiɗan ne agogonka, domin idan wasan ya ƙara sauri shi ma yana ƙarawa. Masu kashe sauti suna cutar kansu.

Rai huɗu gare ka. Wasu da sun rasa biyu sai su karaya, alhali wasan ubangida, wato babban wasan da ke ƙarshen zango, ba shi da wannan bom ɗin, kuma idan ka ci shi ana mayar maka da rai ɗaya.

Masu bugawa a waya ta manhajar da ke kwaikwayon Game Boy Advance kuma suna da tasu matsalar. A zafin Afrilu gumi kan sa yatsa ya zame a gilashi, don haka a goge allon, a ƙara girman maɓallin A a saiti. Abin kunne na Bluetooth yana jinkirta sauti, mai igiya ya fi. Yanayin tattalin batir ma yana rage wa waya ƙarfi, wasan ya riƙa tsinkewa. A kashe wannan yanayin idan akwai caji, idan babu a bari sai an kawo wuta.