Yadda Na Magance Zaizayewar Ƙwanson Katantanwar Nerite

Wata uku bayan na zuba katantanwar nerite, wata irin ƙaramar katantanwar ruwa, guda huɗu a akwatin kifina na gilashi domin su riƙa cinye gansakuka, sai na lura ƙwansonsu ya fara yin fari daga tsininsa, har wasu ƙananan ramuka sun bayyana. Da farko na zargi kifayen, amma ashe ba ruwansu.

Da na auna ruwan, sai na tarar ma'aunin pH, mai nuna tsamin ruwa, ya sauka zuwa 6.4, wato ruwan ya yi tsami, kuma sinadarin kalsiyam ya yi ƙaranci a cikinsa. Irin wannan ruwa kuwa narkar da ƙwanso yake yi sannu a hankali, domin da kalsiyam ake gina shi.

Na ƙulle dakakken murjanin teku kaɗan, wanda ke sakin kalsiyam yana rage tsamin ruwa, a ƙyalle mai raga, na sa shi cikin na'urar tace ruwa, ban yi gaggawar ƙarawa ba, saboda canjin bazata yana galabaitar da kifi. Bayan mako biyu ma'aunin ya hau ya tsaya a 7.4, wato tsamin ya tafi. Ramukan ba su cike ba, amma sabon ƙwanson da ke fitowa daga baki yana da kauri da sheƙi.