Yadda ake ɗaukar hoton husufin wata da hoton duniyoyin sama

Husufin wata ba ya faruwa sai wata ya cika, wato daren 14 ko 15 ga wata, lokacin da duniyarmu ta shiga tsakanin rana da wata har inuwarta ta faɗa kansa. Da hanyar da wata ke bi ta yi daidai da ta duniya, da duk wata sai an yi husufi, amma hanyar tasa ta karkata da kusan digiri 5, shi ya sa yawanci yake wucewa ta sama ko ta ƙasan inuwar. Kallonsa da ido ba shi da wani haɗari, ba kamar husufin rana ba. Rana kam, kada ka kuskura ka nufe ta da kyamara ko na'urar hangen nesa ba tare da matatar hasken da aka yi don haka ba, domin tana ƙona ido da sensar kyamara, wato ɓangaren da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, cikin ƙiftawar ido.

Sanin lokaci kafin ranar

Husufi yana da matakai. Da farko wata yana shiga gefen inuwa, inda ba a ganin wani canji sai ɗan dusashewa. Daga nan ya shiga baƙar inuwa, duhu ya fara cin gefensa, wannan yakan ɗauki kusan awa ɗaya. Sai cikakken husufi, wanda zai iya zama 'yan mintuna ko fiye da awa ɗaya da rabi. Na 27 ga Yuli 2018 ya kai kusan awa 1 da minti 43, kuma shi ne mafi tsawo a wannan ƙarnin. Jadawalin husufi yawanci da agogon GMT ake rubuta shi, don haka ka mayar da kowane mataki zuwa agogon inda kake, ka rubuta a takarda. Manhajar Stellarium kyauta ce, za ta nuna maka ta wace kusurwa wata zai kasance a kowane minti, don ka duba ko wani gini ko bishiya za su tare maka shi daidai lokacin da ya yi ja.

Kayan aiki

Faɗin wata a sama rabin digiri ne kacal. Don sanin girman da zai yi a kan sensa, raba tsawon lensinka da 109. Lensi mai milimita 300 zai ba ka wata mai faɗin kusan milimita 2.7, mai 600 kuma kusan 5.5. A ƙasa da milimita 200 wata ɗigo ne kawai, gara ka sa shi cikin hoton wuri tare da bishiya ko dutse. Daga 300 zuwa sama ne ramuka da tabon fuskarsa suke fara fitowa.

Abin da ya fi lensi muhimmanci shi ne abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, kuma ya zama mai nauyi. Kada ka zaro sandar tsakiya, ita ce ta fi rawa. Rataya jaka a ƙugiyar ƙasa idan akwai iska. Ka tanadi batir biyu a cike, da memori mai sarari, da rimot ɗin danna hoto. In babu rimot, saita kyamara ta jira sakan 2 bayan ka danna, don girgizar yatsanka ta lafa.

Saita kyamara

Mayar da kyamara kan M, wato kai ne za ka zaɓi komai. Idan ka bar ta ta yi wa kanta lissafi, za ta ga duhun sama ya yi yawa ta buɗe haske, wata ya fito fari fat babu ko tabo. Zaɓi RAW maimakon JPEG, saboda gyaran launi da duhu daga baya. Daidaiton launi ka sa na hasken rana, kusan 5200K, in ba haka ba kyamara za ta yi ƙoƙarin goge jan da ka fito nema. Kashe na'urar hana girgiza ta lensi tunda kyamara tana kan ƙafafu.

Sai fokas. Yi shi da hannu tun wata yana da haske: kunna allon baya, zuƙo sau 10 a kan gefen wata ko wani rami, ka juya zoben a hankali har layin ya yi kaifi. Daga nan manna ɗan salatif a kan zoben. Kada ka dogara da alamar ƙarshe da ke jikin lensi, yawancin lensuna suna zarce ta. Idan ka bar fokas na atomatik, da duhu ya rufe wata lensi zai yi ta kai da kawowa yana nema, kuma a lokacin babu hasken da za ka sake saitawa da shi. Idan hakan ta faru, nemi tauraro mai haske ka yi fokas a kansa har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta. Ka sake duba fokas sau ɗaya ko biyu cikin dare, domin sanyi yana ɗan sauya shi.

Bin haske yayin da yake raguwa

Nan ne aikin yake. Cikakken wata dutse ne da rana ke haskawa, don haka saitinsa kusan na tsakar rana ne: ISO (ƙarfin sensa) 100, buɗewar lensi f/8, shata (tsawon lokacin da haske ke shiga) 1/250 na sakan, ko f/11 da 1/100. Wata a cikin cikakken husufi kuwa ya fi haka duhu sau dubbai. Saiti ɗaya ba zai taɓa ɗaukar duka biyun ba.

Lokacin da inuwa ta ci rabi, dole ka zaɓa. Idan ka auna da ɓangare mai haske, ɓangaren inuwa zai fito baƙi ƙirin. Idan ka auna da inuwa don jan ya fito, ɓangaren haske zai ƙone. Mafita ita ce a ɗauki hotuna uku ko biyar a jere da shata daban-daban, misali 1/250, 1/30 da 1/4, a zaɓa ko a haɗa daga baya. Duk minti biyar ka duba hoton da ka ɗauka, ka rage gudun shata kaɗan kaɗan.

Da cikakken husufi ya kama, buɗe lensi zuwa f/5.6 ko iyakar faɗinsa, ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600, ka fara da shata rabin sakan. Jarabar da ke kama kowa a nan ita ce a bar ISO ƙasa a tsawaita shata zuwa sakan 4 ko 5 don hoto ya fito da tsabta. Ba zai yi ba. Duniya tana juyawa digiri 15 a awa, abin da ke nufin wata yana matsawa da tsawon faɗinsa duk minti biyu. A lensi mai milimita 300, cikin sakan ɗaya tak ya ja kusan fiksel 5 a kan sensa mai matsakaicin fiksel. Saboda haka a 300 kada ka wuce sakan 1, a 600 kada ka wuce rabin sakan, sauran hasken ka nemo shi daga ISO, ko da 3200 ne. Ƙwayoyin hatsi-hatsi da babban ISO ke kawowa ana iya rage su a kwamfuta, amma hoton da ya ja ba shi da magani. Wanda ke da mazauni mai moto da ke bin juyawar sama shi ne zai iya sauka ISO 400 ya bar shata sakan 2 zuwa 4.

Babu wanda zai iya gaya maka ainihin saitin tun kafin daren, domin duhun husufi yana bambanta. Jan da ake gani hasken rana ne da ya ratsa iskar duniya, iskar ta watsar da shuɗin ta lanƙwaso jan zuwa cikin inuwa. Idan sararin sama na cike da toka, jan yakan ragu ƙwarai. Bayan aman wutar dutsen Pinatubo na Filifin a 1991, husufin Disamba 1992 ya yi duhun da da ƙyar ake ganin wata. Masanin taurari ɗan Faransa André Danjon ya tsara ma'aunin wannan duhu daga 0 zuwa 4, inda 0 ne mafi duhu, 4 kuma ja mai haske kamar tagulla. Ko a husufi ɗaya, gefen da ke kusa da bakin inuwa ya fi tsakiya haske.

Ka riƙa mayar da wata tsakiyar allo duk 'yan mintuna. Idan kuma ka ga hotuna sun fara laushi ba tare da dalili ba, haska gilashin gaba da tocila, sau da yawa raɓa ce ta kwanta. Sa wa lensi hularsa tun farko yana jinkirta hakan.

Mai waya kaɗai, ya shiga saitin Pro, ya rage ISO da shata da hannu, ya kafe wayar a kan wani abu. Zuƙowar yatsa ba ta ƙara komai sai kumbura fiksel. Abin da ke aiki shi ne a ɗaura wayar a bakin madubin idon na'urar hangen nesa da maƙalin da aka yi don haka.

Duniyoyi: bidiyo ake ɗauka

Mushtari, wadda aka fi sani da Jupita, ko a lokacin da ta fi kusa faɗinta a sama kusan kashi ɗaya cikin 40 ne kawai na faɗin wata. Da lensi mai milimita 300 za ka samu ɗan farin faifai mai fiksel kusan 16, da ɗigo huɗu a jere, su ne watanninta da Galileo ya gani a 1610. Don ɗaukar kyakkyawan hoton ɗamarunta, wato layukan da ke jikinta, ko zoben Zuhal (Saturn), ana bukatar na'urar hangen nesa mai faɗin milimita 150 zuwa 200, da gilashin Barlow mai ninka tsawo, da ƙaramar kyamarar taurari da ake haɗawa da kwamfuta. Ƙa'idar da ake bi wajen zaɓen Barlow: ninka girman fiksel ɗin kyamara sau 5. Fiksel mai maikiron 2.9 yana son kusan f/15, don haka na'ura mai f/5 tana bukatar Barlow mai ninki 3. Wuce haka ba ya ƙara bayani, duhu kawai yake ƙarawa.

Babban abokin gaba a nan iska ce. Dubi duniya ta na'ura za ka ga tana rawa kamar tsabar kuɗi a ƙasan ruwa mai gudu. Hoto ɗaya kusan kullum a gurɓace yake fitowa, amma a cikin dubban hotuna akwai ɗaruruwan da suka faɗo daidai lokacin da iska ta tsaya cik. Shi ya sa ake ɗaukar bidiyo, manhaja ta tace masu kyau ta ɗora su kan juna.

Fitar da na'ura waje minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ka fara, madubinta ya yi sanyi daidai da iskar waje, in ba haka ba zafin cikin bututun kansa zai riƙa kaɗa hoton. Idan mai madubi ce, duba cewa madubanta sun daidaita da juna, ɗan karkacewa kaɗan yana cinye duk ƙananan bayanai. Jira duniyar ta hau sama da digiri 30 daga ƙasa, kuma kada ka hango ta ta saman rufin da ya sha rana ko injin da ke fitar da zafi. Daren da taurari ke ƙyalƙyali sosai yana da kyau a ido amma ba na wannan aiki ba ne. Daren da suka tsaya shiru, ko da akwai ɗan hazo, ya fi.

A manhajar FireCapture ko SharpCap, rage filin ɗauka zuwa kusan 640 da 480 don gudu ya ƙaru. Ga Mushtari, sa shata tsakanin milisakan 5 da 10, ka ɗaga ƙarfin sensa har jadawalin haske ya kai kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Yi fokas a kan ɗaya daga watanninta. Ɗauki bidiyo a tsarin SER, kuma kada ya wuce minti 2 zuwa 3, domin Mushtari tana kammala juyawa cikin ƙasa da awa 10, bayanan fuskarta za su goge idan ka daɗe. Zuhal ta fi duhu, tana son shata mai tsawo kaɗan, kuma tana jure bidiyo mai tsawo. Zobenta ya juya mana kaifinsa a Maris 2025, yanzu yana sake buɗewa shekara bayan shekara. Mirrihi (Mars), jar duniya, ba ta da girman kirki sai lokacin da ta kusanto, kusan duk wata 26. Idan mazauninka ba shi da moto, bar duniyar ta ratsa allo daga gefe zuwa gefe, ka mayar, ka sake, manhajar PIPP za ta tsayar da ita a tsakiya ta haɗe guntayen.

Hoto 100 a sakan na minti 2 ya ba ka 12,000. Zuba su a AutoStakkert, ka sa ta riƙe kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari mafi kyau. In iska ta yi muni, riƙe kaɗan. Abin da zai fito zai yi laushi, kada ka karaya, haka yake. A RegiStax ake fito da kaifin, ta hanyar ja da sandunan kaifafawa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Da ka ga farin zobe ya bayyana a gefen duniyar, ko fuskarta ta yi ƙuraje, ka wuce gona da iri, koma baya. Idan gefe ɗaya ya yi shuɗi ɗayan ya yi ja, iska ce ta rarraba launukan saboda duniyar tana ƙasa-ƙasa, maɓallin daidaita launuka uku na RegiStax zai mayar da su kan juna.

Ka ɗauki bidiyo biyar ko goma a jere, kana ɗan taɓa fokas tsakaninsu, ka sa wa kowane fayil lokacinsa da saitinsa a suna, don ka san wanne ne ya yi kyau da kuma dalili.