Kurakuran da waɗanda suka bar aiki ke yi kan kuɗin 401(k) idan kamfani ya sauya dokar mallaka

Wanda ya yi aiki a Najeriya ya saba da tsarin dokar fansho ta 2014: ma'aikaci ya zuba kashi 8, kamfani ya zuba kashi 10, duk kuɗin kuma su shiga asusunsa. Da wannan tunanin 'yan uwanmu da yawa suke shiga aiki a Amurka, kuma a nan kuskure na farko yake.

A asusun 401(k), wato tsarin ajiyar kuɗin ritaya da kamfanonin Amurka ke buɗe wa ma'aikatansu, abin da aka cire daga albashinka naka ne tun ranar da aka cire shi. Amma kason da kamfani ya ƙara, sai ka cika wasu shekarun aiki kafin ya zama mallakarka. Tun daga 2007, doka ta ba kamfani zaɓi biyu a mafi tsawo: ko dai ka mallaki duka bayan shekara 3, ko ka samu kashi 20 bayan shekara 2, yana ƙaruwa har ya kai kashi 100 a shekara ta 6. Ka duba takardar asusunka da kyau. Jimlar da ke sama ba ita ce taka ba; nemi layin da ke nuna abin da ka riga ka mallaka.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na mutumin da ya bar aiki, daga baya ya ji kamfanin ya sassauta dokarsa ta mallaka, sai ya ɗauka shi ma ta shafe shi. A ce ka bar kamfani da shekara 2 da wata 8, lokacin da ake neman shekara 3. Bayan tafiyarka aka ce kowa ya mallaki kasonsa nan take. A mafi yawan tsare-tsare, sabuwar doka tana aiki ne kan wanda ya yi aiki ko da awa ɗaya bayan ranar da ta fara. Kai an auna ka da tsohuwar dokar ranar da ka fita. Ba dole ba ne hakan a ko'ina, kundin tsarin kowane kamfani shi ke yanke hukunci, don haka ka rubuta wa mai kula da tsarin ka nemi kwafinsa da takardar gyaran. Doka ta ba shi kwana 30 ya aiko maka, kuma kotu na iya cin tararsa har dala 110 a kowace rana idan ya yi biris.

Wasu kuma tsoronsu ya juya: sun ji an tsaurara dokar, suna ganin za a ƙwace abin da suka samu. Wannan ba zai yiwu ba. Kason da ka riga ka mallaka ba a rage shi da gyara, kuma mai shekara 3 ko fiye a aiki yana da haƙƙin zaɓar ya ci gaba a kan tsohon jadawalin.

Sai gaggawar kwashe kuɗi. Mutum ya ajiye aiki yau, gobe ya cire kasonsa duka. Idan bai kai shekara 59 da rabi ba, yawanci akwai tarar kashi 10 ƙari a kan haraji. Asarar da ba a gani ta fi wannan. Da zarar ka kwashe naka, tsarin na iya soke kason kamfanin da ba ka mallaka ba nan take. Idan ka bar kuɗin a ciki, yawanci wancan kason yana jira har sai ka yi shekara 5 a jere ba ka koma ba. A cikin wannan tazarar, idan kamfanin ya rufe tsarin gaba ɗaya, waɗanda abin ya shafa suna mallakar kashi 100. Idan ka koma aiki a wurin kafin shekara 5 su cika, akwai hanyar mayar da abin da ka cira don a dawo maka da wanda aka soke. Sai dai ka sani, daga 2024 kamfani na iya fitar da kuɗinka daga tsarin da kansa idan abin da ka mallaka bai wuce dala 7,000 ba.

Wanda aka sallama tare da ma'aikata da yawa ya kula sosai. Hukumar haraji ta IRS tana ɗaukar cewa an rufe wani ɓangare na tsarin idan kamfani ya sallami kashi 20 ko fiye na masu asusu, kuma waɗanda aka sallama suna mallakar kasonsu duka ko da ba su cika shekarun ba. Kamfanoni ba kullum suke lura da wannan da wuri ba, saboda sai ƙarshen shekara lissafin ke fitowa. Ka tambaya a rubuce.

Lissafin shekaru ma ana tuntuɓe a kansa. Tsare-tsare da yawa suna ƙirga shekara ɗaya ga wanda ya yi awa 1,000 a cikinta, wato kusan wata 6 ga mai cikakken aiki. Ajiye takardun albashinka na ƙarshe, domin su ne shaidarka.

Idan aka hana ka kasonka, ka shigar da ƙorafi a rubuce. Yawanci za a ba ka amsa cikin kwana 90, kana da aƙalla kwana 60 na ɗaukaka ƙara. Sashen EBSA na Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka, mai sa ido kan irin waɗannan tsare-tsare, yana taimakawa kyauta. Wanda ya koma gida Kano ko Maradi ya sabunta adireshinsa da imel a wurin mai kula da asusun, domin duk sanarwar sauyi can ake aikawa.