Babi na 6: In regileta ta ɓalle da huci, iska na ta zuba ba tsayawa

Assalamu alaikum 'yan aji. Wannan babin na rubuta shi ne saboda abin da na gani ranar da muka fita gwaji bakin ruwa, mutum uku a cikinku regileta, wato na'urar da mai nitso yake shaƙar iska da ita a ƙarƙashin ruwa, ta ɓalle musu da huci kuma duk ukun abu ɗaya suka yi, jijjiga ta da bubbuga ta a tafin hannu. Ba laifinku bane, ba'a taɓa nuna muku ba. Yau za'a nuna, kuma zaku iya insha Allah.

Darasi na 1: Sanin kayan

Ɗauko kayanka ka ajiye a gabanka kafin ka cigaba da karatu. Tukunyar iska ita ce silindan da kake goyawa a baya, in ta cika allurar agogon awon iska zata tsaya wajen 200 a ma'aunin ƙarfin iska da ake kira bar. Wannan iskar tafi ƙarfin huhun ɗan adam shi yasa ake rage mata ƙarfi sau biyu. Ƙarfen da ake ɗaurawa a kan tukunya shine mataki na farko, yana sauke ta zuwa wajen 9 ko 10. Daga nan ta bi tiyo ta zo wanda kake cizawa, shine mataki na biyu, mu a aji muna ce masa na baki. Taɓa gabansa. Kaji roba mai lotsawa? Wannan shine madanni. A bayansa akwai faifan roba siriri, in ka ja numfashi sai ya lotsa ciki ya tura wani ɗan ƙarfe hanya ta buɗe, in ka daina ja sai ya koma hanya ta rufe. To duk sanda ya ƙi komawa shine zaka ji fuuu ba ƙaƙƙautawa, kuma tukunya cike tana iya ƙarewa cikin 'yan mintoci.

Darasi na 2: Kifa shi

Mafi yawan hucin da kuke gani a bakin ruwa ba lalacewa bace. Ka saki na baki ne ya faɗa ruwa wurin cizawar yana kallon sama, ruwa ya danna faifan daga ƙasa, iska ta fara fita, kuma gudun iskar da kansa yana ƙara janyo faifan ciki shi yasa bata tsayawa.

Maganin: kifa shi. Wurin da kake cizawa ya kalli ƙasa, kamar yadda ake kife ƙwarya bayan an wanke. Karanta da ƙarfi: wurin cizawa ya kalli ƙasa. In bai yi shiru ba sa babban yatsa ka toshe ramin bakin, zai tsaya. Wasu regiletocin suna da ɗan makunni a gefe mai alama biyu, + da -. Kafin ka shiga ruwa ka kai shi kan -, wato 'yar sanda ɗaya a kwance, sai ka fara nitso sannan ka maida shi kan +.

Na san wani zai ce malam ai mun ji. Baku ji ba. Ran nan na faɗa sau huɗu amma da huci ya tashi sai naga mutum ya juya madanni ƙasa ya bar wurin cizawa na kallon sama, wato ya kifa ta bai-bai. Ba madanni ake kifawa ba jama'a, wurin cizawa ne. Wani kuma sai ya dinga danna madannin wai don ta tsaya, haba, madanni ai buɗe iska yake yi ta yaya zai rufe ta? Ɗauki naka yanzu, kifa, ɗago, kifa, ɗago, sau goma. Wanda hannunsa ya rikice ya sake daga farko ba kunya a ciki, nima sai da hannuna ya saba. Ko na ko-ta-kwana, wato na baki na biyu da ke rataye a ƙirjinka, haka zaka maƙala shi, baki ƙasa. Rubuta a littafinka layi uku: in ta yi huci zan kifa ta.

Darasi na 3: In kana ƙarƙashin ruwa

Nan ba wasa. Kar ka cire ta ka yar, akwai iska a ciki kuma zaka iya sha. Riƙe ta da hannu, sassauta leɓe kar ka datse baki a kanta, karkata kai gefe rarar iskar ta fice, kai kuma ka dinga kurɓa kaɗan kaɗan kamar mai shan koko da zafi. Yi wa abokin nitsonka alama da babban yatsa sama, ku hau tare a hankali, in agogo ya yi ƙasa ka karɓi na ko-ta-kwanarsa. Kuma don Allah kar ka riƙe numfashi kana hawa. Iskar da ka shaƙa a zurfin mita 10 tana ninkawa biyu kafin ka iso sama, in ka kulle ta a ƙirji tana iya fasa huhu. Kuna fitowa ka hura rigarka ta nitso mai ɗaukar iska ta ɗaga ka, abokinka ya rufe bawul ɗin tukunya.

Darasi na 4: In an kifa bata yi shiru ba

Rufe tukunya ka duba yashi da laka, ruwan kogin Galma da damina kun san yadda yake, ga ƙurar hunturu ga masu barin kaya a buɗe. Ɗauraye da ruwa mai kyau ka sake gwadawa. In kuma tayi shiru da farko sai bayan minti ɗaya ko biyu ta fara tsiyaya a hankali, ko na baki da na ko-ta-kwana duk suna yi, to yawanci mataki na farko ne ya gaji yana turo iska fiye da ƙima. Wannan ba aikinka bane. Kar ka sa sukudireba, kar ka shafa man inji, kar ka kai wa mai gyaran janareto, sai wanda ya koyi gyaranta. A ƙasashen sanyi ƙanƙara ma tana riƙe bawul a buɗe, mu nan Zariya ba ita ce damuwarmu ba.

Darasi na 5: Ajiya

Rufe murfin mataki na farko kafin wanki. Kar a danna madanni lokacin wanki in ba'a haɗa da tukunya ba. A shanya a inuwa.

Darasi na 6: Aikin gida

Kifa sau ashirin. Kowa ya zo da littafinsa ran Asabar.